Abin Da Ya Riƙa Kashe Mana 'Ya'yan Kifi

Muna roƙon mai kula da wannan takarda ya ba mu fili, gama akwai bashin magana a wuyanmu. Mutane da yawa a Aboabo sun ji labarin 'ya'yan kifinmu da suka riƙa mutuwa, amma kowa ta bakin wani ya ji. Waɗansu sun ce ciwo ne, waɗansu sun ce baki ne, waɗansu kuwa har sun ambaci wani yaro wanda ba shi da laifin kome. To, ga yadda abin ya faru daga bakin masu shi.

Mu biyu ne, wa da ƙane, sana'armu goro tun daga kan mahaifinmu. Da ciniki ya ja baya, ƙafa kuma ta fara nauyi, sai muka yi shawara mu nemi wata sana'a wadda a ke yi a cikin gida. Duk mai zuwa Kejetia ya san yadda bandar tarwaɗa ta ke tafiya, ya kuma san masu kiwon kifi a kududdufi da tankuna sun yi yawa a kewayen Kumasi. Kowannensu kuwa sai ya sayi 'ya'ya kafin ya yi kiwo. Muka ce ashe kowa ta ƙofar mai ƙyanƙyasa ya ke bi. Muka kwashi adashinmu, watau susu, muka sayi akwatunan gilashi 4 wurin wani mai sayar da kifin ado, irin waɗanda a ke ajiyewa a falo don kallo, da ƙaramin injin hura iska, muka jera su a ɗakin da dā mu ke ajiye huhun goro. Gilashi muka zaɓa don mu riƙa ganin abin da ke gudana a ciki. Wannan kaɗai ne wayon da muka yi da fari.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tarwaɗa ba ta saka ƙwai a tanki don kanta. Sai an yi wa macen allura da dare, a bar ta awa 8 zuwa 12 gwargwadon zafin ruwa, sa'an nan a matse cikinta a hankali ƙwan ya zubo a busasshen kwano. Namijin kuwa yanka shi a ke yi a ciro ruwansa, a gauraya da ƙwan, a ɗan zuba ruwa, a baza a kan raga mai ƙananan idanu a cikin akwatin. Giram ɗaya na ƙwai ya kan ƙunshi 600 zuwa 700, saboda haka mace guda mai nauyin kilo ɗaya tana iya ba ka dubu 50 ko fi. In zafin ruwa ya kai digiri 28 zuwa 30, wajen kwana ɗaya sai su ƙyanƙyashe, su zurara ta idanun raga su faɗa ƙasa, su bar ɓawo da matattun ƙwai a sama. Tsawon kowane bai wuce ƙwayar shinkafa ba, da 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa, guzurin kwana 3 ke nan. Masu lafiya ba su son haske, za ka ga sun taru a kusurwa mai duhu suna ta kaɗa wutsiya.

Wanda muka ɗora wa tsaron ɗakin ɗan ƙanwarmu ne da aka aiko mana daga Salaga, yaro mai shekara 15, ba shi da yawan magana.

Zubin farko haɗama ta kashe shi. Muka juye ƙwan mace ɗaya duka a akwati biyu, ƙwai bisa ƙwai, muka kuma bar ragar a ciki bayan sun ƙyanƙyashe, don mun ga kamar akwai sauran da ba su fito ba. Ashe waɗannan farare da mu ke jira matattu ne. Ƙwai mai rai launinsa ya kan zama ruwan ƙasa ko kore-kore, ana ganin cikinsa. Wanda ya yi fari kamar alli ya riga ya tafi, kafin wani lokaci ya ruɓe, wani farin gashi kamar auduga ya rufe shi ya kama na kusa da shi. Ruɓar nan tana cinye iskar da ke cikin ruwa. Da asuba ta biyu muka buɗe ɗaki, wari ya tarye mu, ƙasan gilashi ya yi fari fat da gawa. Abin da ya ruɗe mu shi ne mun saba ganin babbar tarwaɗa ta yi awowi a kwano ba ruwan kirki ba ta mutu ba. Gaskiya ne, tana da wani abu a cikin kanta mai rassa kamar bishiya wanda ta ke shaƙar iskar sarari da shi. Amma jaririnta ba ya zuwa da shi, sai ya yi makonni kafin ya tsiro. Kafin nan ba shi da wata iska sai wadda ta narke a ruwa.

Zubi na biyu muka rage ƙwai, muka ɗauke raga da wuri, suka wuce kwana 3 lafiya. Muka yi murna, muka dafa ƙwan kaza muka murtsuke gwaiduwar muka zuba musu, kamar yadda wani ya gaya mana. Muka zuba da hannun mai so. Ruwa ya yi fari kamar kunu ya tsinke, suka fara mutuwa kaɗan kaɗan daga kwana na 5, kafin mako ya cika ba sauran ko ɗaya.

A nan ne 'yarmu, wadda ke karatun kiwon kifi a Jami'ar Kwame Nkrumah, ta shiga maganar. Ta tambaye mu ƙarfe nawa suka fara mutuwa, kwana nawa da ƙyanƙyashewa, a ina gawar ta ke, yaya suka yi kafin su mutu. Kowannenmu ya ba da amsa dabam. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ku da ba ku taɓa sayar da ƙwaryar goro ɗaya ba ku rubuta ba, yaya kuka bar dubban rayuka ba littafi?" Ba mu ji daɗin maganar ba, amma washegari muka sayi littafi.

Abin da ta koya mana ya fi kuɗin akwatunan daraja, don haka za mu maimaita shi. Ta ce ranar da ɗan kifi ya mutu ita ke faɗin abin da ya kashe shi. In ƙwai ya yi fari tun bai ƙyanƙyashe ba, a duba iyayen da lokacin matsa, ko an yi gaggawa ko an makara. In sun mutu cikin kwana 3 na fari, ba yunwa ba ce, gama guzurinsu na jikinsu, sai a tuhumi ruwa. In kuwa daga kwana na 4 zuwa na 7 ne, to maganar abinci ce, ko ba su sami wanda zai shiga bakinsu ba, ko an zuba ya yi yawa ya ruɓe. Abinci in ya ruɓe, tare da kashin kifin kansa, su kan saki wata guba da a ke kira amoniya, ba ta da launi, tana ƙona jan naman nan na ƙarƙashin kumatu inda kifi ke shaƙa. Bayan mako biyu kuma in ka ga suna raguwa ba gawa, cin juna su ke yi, waɗanda suka riga sauran girma suna haɗiye ƙannensu, sai a riƙa ware su. Ta ƙara da wata magana wadda muka rubuta amma ba mu lura da ita ba sai daga baya: ciwo ya kan ɗauki kwanaki yana ɗiba, guba kuwa gaba ɗaya ta ke share gida.

Sa'an nan aka koma kan ruwa. Ruwan famfo na Barekese da Owabi ana sa masa kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, alheri ne ga mai sha, amma ga ɗan kifi ajali ne in an zuba shi kai tsaye. Sai a tara shi a buɗaɗɗen tanki ana hura masa iska kwana ɗaya ko biyu tukuna. Muka ce to mu koma rijiyar gida. Ta kawo wata takarda mai sake launi ta tsoma, ta ce ruwanmu yana da tsami, kamar na rijiyoyi da yawa a wannan ƙasa ta kurmi. A ma'aunin da a ke kira pH lamba 7 ce tsakiya, ɗan kifi yana son tsakanin 6.5 da 8, namu kuwa bai kai 6 ba. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa kuma ba shi da iskar kirki. Maganinsa ba wuya, shi ma a tara shi a hura masa iska, a jiƙa wankakken ɓawon kawa a cikin tankin. Ta hana mu ɗiba da bokitin kwano mai ruwan tutiya, ta ce sai na roba, shi ma wanda sabulu bai taɓa shiga ba.

Sanyi ma ta ja mana kunne a kansa. Mu nan mu kan ce hunturun Kumasi ba hunturu ba ne in an gwada da na Bawku, amma a Disamba da Janairu dare ya kan sauko wajen digiri 20, ɗan akwatin gilashi kuwa iskar ɗaki ya ke bi. A digiri 20 ƙwan da ya kamata ya fashe cikin kwana ɗaya sai ya haura kwana biyu, farin gashin nan ya sami lokacin cinye shi. Muka sayi ma'aunin zafi da 'yar sandar lantarki mai ɗumama ruwa, muka toshe taga. Janareta dai muna da shi tun dumsor na 2015, shekarar da kowa ya koyi kwana da fitila a hannu.

Abinci kuma muka bar gwaiduwa muka koma atimiya. Wannan ƙwan wani ɗan mitsitsin jatan lande ne da a ke samu a tafkunan gishiri, kamar wanda ke Yuta a Amurka, ana sayar da shi a gwangwani kamar garin ƙasa. Sai ka zuba gishiri giram 25 zuwa 30 a lita ɗaya ta ruwa, ka zuba garin, ka hura iska wajen awa 24, su fito suna iyo, ka tace ka ɗauraye ka ba 'ya'yan kifi kaɗan kaɗan sau da yawa a rana. Kowace safiya kuma a zuƙe dattin ƙasa da siririyar mesa, a mayar da sabon ruwa mai zafi daidai da na ciki.

Zubi na uku ya yi. Ba duka suka rayu ba, amma mun sami abin sayarwa, mai saye kuma ya yaba. Labari ya bazu, mutum biyu masu kududdufi suka kawo kafin alƙalami a kan zubi na gaba, muka karɓa muka saye sababbin iyaye da gwangwanin atimiya da kuɗin.

Daga nan ne masifar gaske ta zo. Zubi na huɗu ya ƙyanƙyashe da kyau da magariba. Kafin tsakar dare yaron ya buga mana ƙofa. Muka tarar ba su taru a kusurwa ba, sun watsu ko'ina suna juyawa kamar katantanwa, waɗansu suna karkarwa, waɗansu sun lanƙwashe. Kafin kiran assalatu akwati 4 duka sun mutu. Muka auna zafi, daidai. Tsami, daidai. Iska tana ta kumfa, ruwa garau kamar a sha, ba wari. Muka wanke kome muka sake zubi na biyar da sauran iyaye, ya tafi yadda na huɗu ya tafi, kusan sa'a ɗaya.

To, jama'a, mutum in ya rasa dalili ya kan ƙera shi. Da fari muka ce ko ciwon nan ne da ya faɗa wa masu keji a tafkin Volta a ƙarshen 2018, wanda ya kashe 'ya'yan karfasa ba adadi har cikin 2019. Amma wannan karfasa ya kama, namu tarwaɗa ne, kifinmu kuma bai taɓa ganin Volta ba. Sai aka tuna wata maƙwabciya ta leƙo ɗakin ta ce, "Kai, sun yi kyau!" ba ta ce tubarkalla ba. Daga bisani magana ta tsaya a kan yaron. An yi masa faɗa kan ƙwallo kwana biyu kafin zubi na huɗu. Wani ya ce ya gan shi da garin wanki a hannu kusa da ɗakin. Shi ne kuma ke kwana da su. Da muka tambaye shi bai ce kome ba sai hawaye, mu kuwa muka ɗauki shirun a matsayin amsa. Muna faɗa da kunya, har mun ƙirga kuɗin motar Salaga mun ajiye, muna shawarar abin da za mu gaya wa uwarsa, ga masu kafin alƙalami suna sallama safe da yamma.

'Yarmu ta zo hutun ƙarshen mako ta tarar da gida ba daɗi. Ta buɗe littafi ta nuna mana maganar nan da muka rubuta da hannunmu, guba gaba ɗaya ta ke share gida. Muka ce ai shi ya sa mu ke zargi. Ta ce, "Baba, a tambayi kifin kafin a tambayi mutum." Ta tafi wurin wani mai ƙyanƙyasa ta karɓo 'ya'ya masu kwana 3, ta wanke kwalabe masu faɗin baki, ta zuba ruwan tankinmu a kowace da 'ya'ya 20. Ta farko ba ta sa mata kome ba. Ta biyu ta sa guntun mesa, ta uku dutsen iska, ta huɗu ta ɗebo ruwan da bokitin yaron, ta biyar ta zuba atimiya daga gwangwaninmu. Ta ce kowace kwalba abu ɗaya kaɗai za a sake mata, in an sake biyu ba za a san wanne ya yi aikin ba.

Tana shirin rufe littafi sai yaron, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Kawu, a sa raga." Muka ce wace raga? Ya ce sabuwar. Ya ce ya lura kowane mazubi a bayan ɗaki in ruwa ya kwana biyu a ciki tsutsar sauro ta kan cika shi, amma bahon da ya ke jiƙa ragar bai taɓa ganin ko ɗaya a ciki ba, har ƙudan da ya sauka a kanta ya kan faɗi. Ya ce ya so ya faɗa tun a zubi na huɗu, amma ya ga mu ne muka yanko ta.

Lalle mu ne muka yanko ta. Bayan zubi na uku tsohuwar ragar, wadda muka saya wurin masu sayar da ragar taga, ta yage. Maimakon mu sake shiga gari, sai muka ɗauko wani gidan sauro daga cikin waɗanda a ke rabawa kyauta, muka ga idanunsa daidai, muka yanka shi gida huɗu, muka wanke har sau uku muka shanya. Ba mu rubuta wannan a littafi ba, don ba mu ɗauke shi a bakin kome ba.

Aka kawo kwalba ta shida aka jefa guntun raga kamar faɗin yatsa biyu. Muka zauna dukanmu muna kallo, har da iyalin gida. Kafin la'asar 'ya'yan kwalba ta shida suka fara juyin nan da muka sani, kafin lisha ba mai motsi. Sauran kwalabe biyar, har da ta bokitin yaron, suka kwana lafiya suka tashi suna neman abinci.

Ga bayanin da muka samu. Gidan sauron nan na zamani ba zare kaɗai ba ne. Akwai maganin ƙwari a jikinsa, irin su deltametirin da fametirin, dangin wani magani da asalinsa daga furen da a ke nomawa a Kenya aka fara samu. An yi shi musamman don kada wanki ya fitar da shi, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ya jure wanki 20 da shekara 3 yana aiki. To, ina wankinmu uku zai kai? Jikin mutum yana iya narkar da wannan magani da sauri, shi ya sa mu ke kwana a ciki da jikokinmu lafiya. Kifi kuwa ba ya iyawa, maganin ya kan shige shi ta wurin shaƙa ya kama jijiyoyinsa, abin da ya kawo karkarwa da juyi ke nan. Giram ɗaya ko biyu a cikin lita miliyan ya isa ya kashe waɗansu irin kifi, balle jariri a ɗan akwati. Ƙwai yana da ɓawo mai ɗan kare shi, shi ya sa su kan ƙyanƙyashe tukuna su mutu, har mu ce daga baya aka yi musu wani abu. Kada dai wani ya karanta wannan ya kwance gidan sauronsa. A kan gado aikinsa ya ke yi, zazzaɓin sauro kuwa ba ya wasa. Abin da mu ke roƙo shi ne kada a kai shi inda kifi ya ke, kada a wanke shi a rafi, kada a yi su da shi. Maganin sauro na feshi da na kunnawa yawancinsu dangi ɗaya ne da shi, injin iska kuma iskar ɗaki ya ke zuƙa ya tura cikin ruwa, saboda haka mun hana su shiga wannan ɗaki ko kusa da tagarsa. Masu akwatin kifin ado a falo su ma su lura.

Da ya ke maganin ya kan manne wa roba, muka zubar da mesa da duwatsun iska da bahon duka, muka goge gilashin sosai muka ɗauraye sau da yawa muka bar shi a rana. Kafin mu sake zuba ƙwai sai da muka gwada kowane akwati da 'ya'ya 20 suka kwana biyu. Sabuwar raga ma haka muka yi mata, ko da ya ke mai ita ya rantse ba magani.

Sauran maganar ta mutane ce. Mun tara gida mun ba yaron haƙuri a gaban waɗanda aka zarge shi a gabansu, mun kuma kira uwarsa mun gaya mata kome da bakinmu kafin ta ji a waje. Maƙwabciyarmu ba ta san an ambace ta ba sai da muka je da goro muka faɗa mata, ta yi ta salati, daga baya ta yi dariya ta ce a ba ta kifi in sun girma. Wanda ya ce ya ga garin wanki, gaskiya ya faɗa, rigarsa yaron zai wanke. Littafin yanzu yana hannun yaron, shi ke rubuta zafi da tsami safe da yamma, da duk wani sabon abu da ya shiga ɗakin, ko tsinke ne, ko da kuwa mu muka kawo shi.

Yau da mu ke rubuta wannan zubi na shida yana da kwana 12, mun ware manya sau ɗaya. Mutum biyun da suka ba mu kafin alƙalami, ɗaya ya karɓi kuɗinsa, ba mu kuwa ga laifinsa ba. Ɗayan ya ce zai jira. Shi da duk mai son ganin gwajin kwalba da idonsa, su zo gida bayan la'asar ranar da ba kasuwa, yaron zai nuna musu, gama mun ajiye guntun ragar a ƙulle cikin gwangwani don wannan.